Maƙerin Fari: Tarihin Sunan Mai Ƙera Kayan Ado

A zamanin da muke ɗaukar karatun Muwaɗɗa ta Imamu Malik a zauren wani dattijon malami, Allah Ya jiƙansa da rahama, wata rana da hantsi muka iso babin da ke magana a kan sayar da zinariya da azurfa, inda aka kawo labarin wani mai sana'ar kayan ado da ya tare Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, yana neman fatawa. Da mai jan baƙi ya kai kan kalmar sa'ig, ya dakata kamar yadda aka saba domin a fassara masa, sai malam ya ce, "Maƙeri." Ya yi shiru kaɗan, ya gyara zaman tabaransa, sa'an nan ya ƙara da cewa, "Na fari fa, ba na baƙi ba." Aka wuce, ba wanda ya tsaya tambaya, domin kowa a zauren ya san abin da ake nufi. Ni kuwa wannan 'yar ƙarin maganar ta zauna mini a rai shekara da shekaru, saboda na lura cewa inda Balarabe ya wadatu da kalma guda, sai da malaminmu, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarancin Hausa ba, ya haɗa biyu kafin ma'ana ta tsaya da ƙafarta.

Asalin kalmar dai ba ɓoyayye ba ne. Daga ƙira aka ciro maƙeri, bisa ƙa'idar nan da Hausa ke bi wajen raɗa wa mai aiki suna daga aikinsa, yadda aka sami marini daga rini, da majemi daga jima, da masaƙi daga saƙa. Jam'insa maƙera, kuma wurin da ake aikin shi ma maƙera ne, sai dai karin murya ya bambanta su a bakin mai harshe, ko da yake alƙalamin boko ya kasa nuna wannan bambanci. Wani bambancin da boko ya daɗe yana fama da shi kafin a kawo haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930 shi ne na kira da ƙira, alhali kuwa masu ajami sun sami sauƙinsa tun da wuri, tun da suna da kafi suna da ƙafi. Abin lura a nan shi ne, sunan bai ce komai ba game da darajar abin da ke hannun mai shi. Wanda ya tanƙwara ƙarfen garma da wanda ya murɗa zaren zinariya ya yi wa amarya 'yan kunne, duk a wurin Bahaushe abu ɗaya suke yi, wato su sa ƙarfe a wuta, su fito da shi, su ba shi wata kama da ba da ita ya zo ba. Larabawa sun raba gidan uku: haddad ga mai baƙin ƙarfe, sa'ig ga mai narkar da zinariya da azurfa, jauhari ga mai duwatsu masu daraja. Mu kuwa muka bar biyun farko a gida ɗaya, muka raba musu ɗaki da launi kawai, aka ce maƙeran baƙi da maƙeran fari, wasu su ce na babbaƙu da na farfaru. Kuma farin nan bai tsaya ga azurfa ba, ya haɗa da zinariya da tagulla da gaci da dalma, duk da cewa babu mai idon da zai kalli jan ƙarfe ya ce fari ne. Abin da ake nufi shi ne duk ƙarfen da ba na tama ba.

Dalilin da ya sa sunan ya zauna haka, a ganina, shi ne cewa ɗayansu ya girmi ɗaya nesa ba kusa ba, kuma ƙane a gidan wansa ya tarar da suna. Labarin da Kanawa ke bayarwa na kafuwar garinsu da maƙeri ya fara: wani mutum mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin Dala, ya zauna, kuma Abagayawa suna danganta kansu gare shi. Ko mutum ya karɓi wannan riwaya yadda take ko ya ɗauke ta a matsayin hikaya, ta nuna matsayin da mutanen da suka ba mai baƙin ƙarfe, wanda in babu shi babu fartanya, babu gatari, babu mashi, babu linzami. Shi ne mai Sarkin Maƙera a fada, shi ake kaɗa wa dundufa, shi ke wasa da wuta ranar buki yana lasar jan ƙarfe jama'a na kabbara, kuma shi ke jingina sana'arsa ga Annabi Dawuda, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda Alƙur'ani ya ba da labarin an tausasa masa ƙarfe. Birane da yawa na ƙasar Hausa suna da unguwar da ake kira Maƙera, irin su Maƙera Assada ta Sakkwato, kuma in ka bi asalin yawancinsu ƙarar masaba a kan uwar maƙera ce ta ba su sunan.

To, in mutum ya saurari sunayen kayan aikin waɗannan 'yan'uwa biyu da kunnen basira, zai ji tarihin da ba a rubuta ba. Tama, da ƙarfe, da zugazugi, da masaba, da gawayi, babu ƙamshin baƙunta a jikinsu. Amma da ka juya wajen abin da maƙerin fari ke narkarwa, sai ka ji harsunan ayari. Zinariya daga dinari ta fito, wato kuɗin zinariya na daulolin Musulunci, wanda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya daidaita bugunsa a shekara ta 77 bayan Hijira. Su kuma Larabawa sun gaji sunan ne daga wani kuɗin Rumawa, wanda abin mamaki shi na azurfa ne, sai ga shi bayan doguwar tafiya ya zama sunan zinariya a bakin Bakatsine da Bazazzagi. Azurfa kuwa daga harshen Abzinawa da danginsu na hamada muka karɓe ta, su da ke ce mata azref. Murjani, da lu'ulu'u, da yaƙutu, da jauhari, duka Larabci ne da aka yi wa kwaskwarima kaɗan, haka nan miskalin da ake auna zinariya da shi, wanda nauyinsa ya ɗara giram 4 da kaɗan. Ashe ke nan hajar ce ta zo a kan raƙumi da sunanta a rataye, hannun da zai sarrafa ta kuwa a gida ta tarar da shi, yana da sunansa tun kaka da kakanni, babu bukatar a aro masa wani.

Hanyoyin da hajar ta biyo ba su ɓace wa tarihi gaba ɗaya ba. Ibn Baɗɗuɗa, da ya sauka a Takedda ta ƙasar Abzin a 1353, ya ga ana narkar da jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda, ya kuma ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai shi, wanda wannan yana daga cikin ambato mafi daɗewa da aka yi wa wata ƙasar Hausa a littattafan Larabawa. A Durɓi ta Kusheyi, gabas da birnin Katsina, inda aka tona kaburburan manyan mutanen da a 1907, aka sake tonawa a 1992, an sami kayan ado na zinariya da mundaye na tagulla da na hauren giwa, tare da wani kwanon ƙarfe da aikinsa ya nuna daga ƙasashen Musulmi na gabas ya fito, abin da ke tabbatar da cewa tun ƙarnoni da dama kafin jihadi masu mulkin wannan yanki sun san ƙawa, sun kuma san inda ake samo ta. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, su da sunansu ya haɗu da fataucin zinariya a duk Yammacin Sudan. A ƙarnin da ya biyo aka buɗe hanyar Gwanja, wadda goro ya fi shahara a kanta amma ƙurar zinariyar ƙasar Asante ma ta bi ta, sa'an nan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, inda duk waɗannan hanyoyi suka sami mahaɗa.

Amma in za a faɗi gaskiya, zinariya ba ta taɓa yawa a hannun talakan ƙasar Hausa ba, kuma abincin maƙerin fari na yau da kullum azurfa ce da tagulla. Azurfar kuwa mafi yawanta ba daga rami aka haƙo ta ba, daga aljihun fatake ta fito, a siffar wani babban kuɗi na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniyarsu Mariya Teresa, wanda mutanenmu ke kira liyari. Wannan sarauniya ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwar Bahar Maliya da Habasha da Sudan sun ƙi yarda da kowane kuɗi in ba shi ba, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗin a jikinsa har bayan ta da fiye da ƙarni guda. Nauyinsa giram 28, kuma kashi biyar cikin shida na jikinsa tsantsar azurfa ce, shi ya sa kowa ya amince da shi ba sai an gwada ba. Lokacin da Bature Barth ya shigo Kano a 1851 ya tarar ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500. Sunan kuɗin na asali a harshen Jamus, wanda shi ne kuma ya haifi dalar Amurka, bai bar mu ba har yau, domin shi ne dalar da mutanen Damagaram da Maraɗi ke ƙirga kuɗinsu da ita. Mai kuɗi ya tara liyari, ya ga cewa a tukunya ɓarawo na iya ɗauka, gara kuma na iya cin jakar, sai ya kai wa maƙeri a mayar da su munduwa a hannun uwargida, inda ba mai taɓa su sai da saninta.

Na taɓa zama yini guda a maƙerar wani tsoho a cikin birni, ina yaro, an aike ni rakiyar wata gwaggona da ta kai tsofaffin kuɗin azurfa da karyayyen awarwaro a sake mata. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar komai. Na saba ganin maƙerar baƙi ta bakin kasuwa, mai ƙara kamar aradu, da ƙarti biyu suna sauke masaba bi da bi. Nan kuwa uwar maƙerar ba ta fi dunƙulen hannu ba, an kafa ta a kan guntun kututture, ga muntalaga, ga ɗan awartaki, ga hantsaki, ga magagari siriri kamar tsinken tsire, duk a shimfiɗe a kan fatar akuya. Bai taɓa wuta ba sai da ya ɗauko mizani daga cikin wani ɗan akwati, ya ɗora kayan a gabanta, ya faɗi nauyin da ƙarfi har sau biyu, ya ce, "Hajiya, kin gani da idonki ko?" Ta ce ta gani. Sa'an nan ya zuba su a ɗan kaskon yumɓu, ya binne shi cikin gawayin ƙirya, jikansa ya kama zuga, har kuɗin nan da hoton da ke jikinsu suka lanƙwashe, suka narke, suka zama wani ruwa mai walƙiya yana rawa kamar idon kifi.

Tun kafin mu zo ya riga ya sassaƙa siffar abin da za a zuba da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu da aka cuɗa da kashin jaki, ya bar 'yar ƙofa, ya shanya ta bushe. Da ya gasa ta sai kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a ciki, a nan ya tuttula azurfar. Da ta huce ya fasa yumɓun da muntalaga, abin ya fito baƙi ƙirin, mummuna, har gwaggona ta ɓata fuska. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya goge da magagari, ya liƙa 'yan ƙwallayen ado da sinadari, ya jefa cikin ruwan tsamiya mai zafi, ya cuɗa da toka da tsumma, sai ga farin ya bayyana kamar wata ya fito daga hadari. Ya sake ɗorawa a mizani, aka ga abin da wuta ta ci, aka yi ciniki a kan ladan hannunsa daban. Duk tsawon wannan yini gwaggona ba ta tashi daga kan tabarmar ba ko don shan ruwa, shi kuma bai ji haushin zamanta ba, domin haka aka gada.

Wannan zama na mai kaya a gaban maƙeri shi ya dawo da ni ga zauren malam. Abin da mutumin nan ya tambayi Ibn Umar shi ne, yana ƙera zinariya ya sayar da ita da zinariyar da ta fi ta nauyi, rarar ta zama ladan aikinsa, ko ya halatta? Ibn Umar ya hana shi, mutumin ya yi ta binsa yana maimaita tambayar har ƙofar masallaci, amsar ba ta sake ba, saboda zinariya da zinariya sai daidai wa daida, hannu da hannu, abin da ya ƙaru kuwa riba ce. Fuƙaha'un mazhabarmu sun bi wannan sana'a da ido ƙwarai, fiye da yadda suka bi ta mai garma. Sun yi magana a kan ƙurar da ake sharewa a shagon sa'ig, suka hana sayar da ita saboda ba wanda ya san yawan abin da ke ciki. Sun sanya shi cikin masu sana'ar da ke lamunin abin da aka ba su in ya salwanta a hannunsu, kamar yadda mai karanta Risala ta Ibn Abi Zaid zai tarar. Kuma littattafan hisba sun umurci muhtasibi ya riƙa leƙa kaskonsa da ma'auninsa. Ba don an ɗauke shi macuci ba ne, sai don shi kaɗai ne mai sana'ar da kayan aikinsa kuɗi ne tsagwaronsu, kuma da zarar sun narke babu mai iya rantsuwa cewa ba a sa musu tagulla ba sai shi da Ubangijinsa. Saboda haka duk maƙerin farin da ya tsufa a unguwa ɗaya mata na kai masa kaya, to, ka tabbata an gwada amanarsa fiye da ta alƙali.

Ita kanta kalmar Larabcin tana da nata tarihin da ya cancanci a ɗan tsaya a kai. A Madina sana'ar tana hannun Banu Ƙainuƙa'a, Yahudawan da ba su da gonakin dabino sai kasuwa da ƙira, kuma a shagon wani maƙerinsu ne aka wulakanta wata Musulma, fitinar da ta kai ga fitar da su daga garin a shekara ta 2 bayan Hijira. Kafin wannan, Sayyidina Ali, da zai tare da Nana Faɗima, da wani maƙerin wannan ƙabila ya yi alkawarin su je su yanko izkhir, wata ciyawa mai ƙamshi 'yar'uwar tsauren da muka sani, ya sayar wa masu ƙira ya sami abin walima; Imamu Buhari ya kawo wannan a wani babi da ya keɓe wa mai wannan sana'a a cikin littafin ciniki, malamai kuma suka fahimci halaccin mu'amala da shi daga nan. Tushen kalmar yana nufin narkar da abu a zuba shi cikin wata kama, daga nan masu nahawu suka ɗauki sigar kalma, masu fiƙihu suka ɗauki sigar ƙulla aure da ciniki. To, ga abin dariya: Hausa ta ƙi karɓar sa'ig, amma ta karɓi 'yarsa hannu bibbiyu. Duk ranar da aka taru ɗaurin aure, liman ya lissafa waliyyi da sadaki da shaidu da siga, kalmar maƙerin zinariya ce ke fita daga bakinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Haka jauhari ya yi. Asalinsa Farisanci ne, ya shiga Larabci ya zama sunan dutse mai daraja, masu ilmin tauhidi suka ɗauke shi suka sa wa zatin abu wanda sifofi ke tsayuwa a kansa, Shaihu Ibrahim Laƙƙani na Masar, wanda ya rasu a 1041 bayan Hijira, ya sa wa manzumarsa suna Jauharatut Tauhid, kuma 'yan'uwa Tijjanawa suna ambaton kalmar kullum a wazifa cikin Jauharatul Kamali. Mai ƙamusun Sihah, Isma'il ɗan Hammad, da laƙabin Jauhari duniya ta san shi, kamar yadda aka san failasufin Andalus Ibn Bajja, wanda ya rasu a Fas wajen 1138, da Ibnus Sa'ig, wato ɗan maƙerin fari. Wannan ya kan tuna mini da waliyyin Katsina Ɗan Marina, wanda a littattafai ake rubuta shi Ibnus Sabbag. Tsakanin sabbag mai rini da sayyag mai ƙira kuwa, a rubutun Larabci, ɗigo ɗaya ne tak, kuma ina tausaya wa duk almajirin da ya gamu da su a kwafin da gara ta taɓa. Amma a kasuwar Hausa, wanda ke sayar da tsakiya da murjani da duwatsun wuya ba a taɓa ce masa jauhari ba, ɗan koli ne, yana shimfiɗa su tare da allura da madubi da kwalli, ba shi kuma da rabo a sunan maƙera tun da bai hura wuta ba.

Shari'a ba a kan cinikin kaɗai ta tsaya ba, ta shiga har cikin abin da ake ƙerawa. Da yake an haramta wa maza zinariya, aka yi musu rangwamen zoben azurfa, koyi da hatimin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda malamanmu suka ƙayyade kada ya wuce nauyin dirhami 2, sai aikin maƙerin fari ya rabu: ga maza zobe, da adon takobi, da kayan doki na sarakuna, ga mata kuwa duk sauran, daga 'yan kunne da sarƙa da abin wuya har mundayen ƙafa masu nauyin da ke sa amarya tafiyar agwagwa. Tun da kuma a mazhabar Malik babu zakka a kan adon da mace ke sawa, kuma mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami 3, sai maƙerin fari ya zama yana tsaye a bakin ƙofar kowane aure, ya kuma zama ma'ajin mata tun ba a san banki ba. Abin da aka ƙera ranar farin ciki shi ake kwancewa a shekarar fari a sayi hatsi.

Maƙwabtanmu ba su bi wannan tsari namu sak ba. A wurin Abzinawa maƙera, waɗanda suke kira inadan, jinsi ne daban da ba a aure da su, mutum ɗaya kuma shi ke yin takobi da sirdin raƙumi da wannan abin wuya na azurfa da Faransawa suka yayata da sunan kuros ɗin Agadas, matarsa na aikin fata. Ana jin tsoron bakinsu, ana kuma ba su sirri. Wataƙila wannan kusanci na Buzu da maƙerinsa yana da hannu a wasan barkwancin da ke tsakanin Buzaye da maƙeran Hausa, inda kowa ke cewa ɗaya bawansa ne. A Bida kuwa Nufawa sun rarraba sana'ar unguwa-unguwa, masu tagulla da azurfa daban, masu baƙin ƙarfe daban, ga kuma Masaga masu narkar da kwalba su yi ƙarau da tsakiya, waɗanda fatake suka yi ta kawo wa 'yan matan Hausa.

Zuwan Turawa ya taɓa 'yan'uwan nan biyu ta fuskoki mabambanta. Bayan an ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, tarkacen ƙarfen waje ya cika kasuwa, sai masu narkar da tama suka kashe wutarsu ɗaya bayan ɗaya, maƙerin baƙi ya koma sayen tsohon ƙarfen reluwe da na mota. Shi kuwa na fari da farko abin ya zo masa da daɗi, domin sulallan da aka buga wa ƙasashen Afirka ta Yamma na Ingila a 1913 na azurfa ne mai kyau, kuɗin gyaɗa kuma ya shigo hannun manoma, saboda haka sulalla da yawa ba su koma baitulmali ba, a kasko suka ƙare. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, hukuma ta sauya su a 1920 da na wani gaurayen jan ƙarfe wanda ba shi da amfani ga mai ƙira, aka bar maƙera suna farautar tsofaffin sulalla da ragowar liyari a ƙauyuka. Sa'an nan jirgin sama ya sauƙaƙa aikin Hajji, alhazai mata suka fara dawowa da kayan Makka da Jidda, daga baya na Dubai, waɗanda inji ya buga su sumul, da lambar karat 18 ko 21 ko 22 a jikinsu.

A nan ne harshe ya sake juyawa. Kalmar gwal, wadda aka aro daga Ingilishi, ta ture zinariya daga bakin 'yan kasuwa da masu haɗa lefe, ta bar ta ga malamai masu lissafin nisabi da iyaye masu raɗa wa 'ya'ya suna. Har sadaki ma yanzu da sisin gwal ake faɗinsa. Wanda ake zuwa wurinsa kuma ya zama mai gwal, ko a ce 'yan gwal, wato an koma kiran mutum da hajarsa, irin yadda Balarabe ya yi wa jauhari, an bar kiransa da aikin hannunsa. Abin mamaki kuwa, a daidai lokacin da maƙerin fari ke ɓacewa daga bakin mutane, kalmomin maƙerarsa sai bunƙasa suke yi a wasu wurare. Rediyo na cewa an ƙera jirgin sama, ana sayar da mota ƙirar Japan, makarantu na koyar da kimiyya da ƙere-ƙere, mawaƙa na yabon budurwa mai kyan ƙira. Sinadarin nan kuwa da tsohon ya liƙa wa gwaggona ado da shi, yau shi ne sunan duk abin da masana ke haɗawa a ɗakin gwaji, har da wanda ake sa wa miya, kuma da wuya ka sami ɗalibi ɗaya cikin masu rubuta shi a jarrabawa da ya san daga gaban zugazugi aka ɗauko shi.

Kwanan baya na bi ta layin masu gwal a wata babbar kasuwa, inda shaguna ke jere da gilashi da fitilu da ma'aunin lantarki mai nuna giram har da ɗigonsa. Wata yarinya ta zo da sarƙar uwarta da ta tsinke, ta tambayi mai shagon farko ko zai gyara, ya ce shi sayarwa yake yi da saye, in tana so ya auna ya ba ta kuɗi ko ta cika ta ɗauki sabuwa. Ta ce a'a, ta kaka ce, gyara aka ce ta kawo. Sai ya miƙa hannu ya nuna mata wani lungu a bayan shagunan, ya ce ta shiga nan ta tambayi mai gyara. Na bi bayanta don in gani. Wani dattijo ne zaune a kan buhu, da ɗan bututun gas a maimakon zugazugi, amma hantsakin da muntalagar da ɗan kaskon duk irin waɗanda na sani ne, har da tsumman da ya shimfiɗa a cinyarsa don tare ƙurar da ke zuba daga magagari. Na gaishe shi na ce, "Sannu da aiki, maƙeri." Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, ya amsa, ya tambaye ni ko ni ɗan cikin birni ne, sa'an nan ya karɓi sarƙar yarinyar, ya ɗora ta a mizani, ya faɗa mata nauyin sau biyu kafin ya kunna wuta.